Asalin Sunan Abubakar

Da wuya a sami zuri'a a ƙasar Hausa wadda ba ta da Abubakar ko da ɗaya. Amma tun fil azal wannan ba sunan yanka ba ne, alkunya ce irin ta Larabawa, waɗanda ke girmama mutum da kiransa uban wane. Abu shi ne uba, bakar kuwa saurayin raƙumi.

Wanda ya ɗaukaka sunan Baƙuraishe ne daga gidan Banu Taim a Makka. Sunansa na yanka Abdullahi, mahaifinsa Usman, wanda aka fi sani da Abu Ƙuhafa. Cikin 'ya'yansa maza akwai Abdurrahman da Abdullahi da Muhammadu, babu Bakar ko ɗaya. An ce tun yana yaro ba shi da abin so kamar raƙuma, shi ya sa alkunyar ta bi shi har ta danne sunan.

Ba don raƙumi iyaye ke raɗa wa ɗansu wannan suna ba, don mai sunan ne. Shi ne ya fara musulunta cikin manya maza, ya sayi Bilal ya 'yanta, ya kwana da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Kogon Sauru lokacin hijira a 622. Shi ne mahaifin Nana A'isha, kuma halifa na farko daga 632 zuwa rasuwarsa a 634. Laƙubbansa biyu, Siddiƙu da Atiƙu, su ma sun zama sunaye. In ka ji ana kiran yaro Sadik a makarantar allo, to, tambayi sunan da aka raɗa masa ran suna.

Da sunan ya iso ƙasashenmu, kowace ƙabila ta tanƙwara shi yadda harshenta ya iya. Barebari suka ce Bukar, Fulani Buba, Turkawa can nesa Bekir. Hausawa kuwa suka samo Habu da Garba, domin matar da sunan surukinta Abubakar ba za ta tsaya tsakar gida tana ƙwala wa ɗanta kira da shi ba. Alkunya ke nan aka yi wa alkunya. Sai dai a kula, Abu kawai a bakin Bahaushe yawanci mace ce, wato Zainabu.

A wasu gidaje ma jera sunayen ake yi kamar yadda halifofi suka biyo juna: Abubakar, Umaru, Usman, Aliyu. Manya da yawa sun ci wannan suna: Shehu Usman ɗan Fodiyo ya sa wa ɗansa Abubakar Atiku, wanda ya gaji Muhammadu Bello kan gadon Sakkwato a 1837. Bayansa an yi Abubakar Imam mai Magana Jari Ce, da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya shekara hamsin kan gadon Sakkwato, daga 1938 zuwa 1988. Takwarorin da aka haifa masa a zamaninsa, Allah kaɗai Ya san iyakarsu.