Zangarniya a Kan Bishiyar Kirsimeti

Idan Disamba ta kama, hazon hunturu ya sauka a Sakkwato, sai kantuna su fito da ƙwallaye masu ƙyalli da fitilu na ado. Yara su tsaya suna kallo, iyaye kuwa na lissafin aljihu. Akwai gidajen masu bi, a Unguwar Rogo da sauran unguwanni, da sukan haƙura da bishiyar Kirsimeti gaba ɗaya don suna ganin ado ne na masu hali. Tarihin abin bai goyi bayan wannan kunya ba.

Bishiyar ta samo asali ne a ƙasashen masu jin Jamusanci. A can, ranar 24 ga Disamba ita ce ranar tunawa da Adamu da Hawwa'u, kuma akan yi wasan kwaikwayo na faɗuwar mutum. Kayan wasan ba su da yawa: itace guda mai ɗanyen ganye, an rataya masa 'ya'yan tuffa, yana wakiltar itacen gonar Adnin. Daga baya aka ƙara siraran gurasa irin na Jibin Ubangiji, domin mai kallo ya ga zunubi da fansa a reshe ɗaya. Wani rubutu na shekarar 1605 daga birnin Strasbourg, wanda yau yake cikin Faransa, ya ambaci bishiyoyi a cikin ɗakuna, an yi musu ado da tuffa da gurasa da kayan zaƙi da furannin takarda. Kusan duka daga lambu da madafa suka fito.

Manoma ba su tsaya nan ba. A ƙauyukan Jamus ana tsaga karan alkama a ɗaure shi ya zama tauraro, don tunawa da ciyawar komin da aka kwantar da Jariri Yesu. A Yukren, damin alkama ake shigowa da shi ɗaki a daren jajibere, a ajiye shi a wuri mafi daraja. A Norway kuwa, dami ake kafawa a waje domin tsuntsaye ma su ci rabonsu. Wannan na ƙarshe zai ba manomin gero dariya, shi da ya kwashe makonni yana korar jan baki daga gonarsa.

Ƙwallayen gilashi sun zo ne a makare. Masu hura gilashi na garin Lauscha a Jamus suka soma yin su a tsakiyar ƙarni na 19, kuma da yawa cikin na farko siffar 'ya'yan itatuwa aka ba su. A 1848 wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albert da 'ya'yansu kewaye da bishiya, sai masu kuɗin Ingila suka yi ta koyi. Kafin al'adar ta iso ƙasarmu, ta riga ta sa rigar kanti, shi ya sa muka ɗauka haka aka haife ta.

Alhali Kirsimetinmu ta fi tasu kusa da gona. Tasu tana zuwa cikin ƙanƙara, tamu kuwa a bayan kaka, rumbuna cike, ba a daɗe da kai dammuna majami'a don baikon godiya ba, kamar yadda Littafin Firistoci sura 23 ya umarci Isra'ilawa su kawo damin nunan fari. Baitalami ma ma'anar sunanta gidan gurasa ne, kuma a gonakinta Rut ta yi kala.

Saboda haka gidan da ya yanko reshen dogonyaro ya kafa cikin tulu mai yashi bai gaza kowa ba. Yaran da suka iya ƙera motar kara ba za su kasa tauraron kara ba. Kaka ta saƙa ɗan faifai na kaba, uwa ta zarga gyaɗa mai kwanso a zare, a barbaɗa auduga, a rataya ƙananan ludaya da ƙoƙuna. A ƙololuwa, inda wasu ke sa tauraron roba, sai a ɗaura zangarniyar gero daga gonar bana.