Ciwon Damuwa: Yadda Ake Neman Magani Daga Keana

Ciwon damuwa ya wuce ɓacin ran yini ɗaya. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙunci ne ko gushewar sha'awar al'amura na aƙalla makonni 2, galibi tare da kasala da rikicewar barci.

Ga mazaunin Keana, matakin farko shi ne asibiti mafi kusa, inda ake tura majinyaci wurin likitan ƙwaƙwalwa a Lafia ko Keffi. Likita ne ke rubuta magani, kuma amfaninsa kan ɗauki makonni kafin ya bayyana, don haka kuskure ne a daina sha da wuri. Masanin halayyar ɗan Adam kuwa da tattaunawa yake jinya, zama bayan zama, cikin sirri. Wanda ya fara tunanin kashe kansa, a kai shi asibiti nan take.