Daga ramin Arlit zuwa rumbunan intanet: tarihin ƙwaƙwalwar kwamfuta



Yau tarihi na kawo muku, kuma ku riƙe mini shekaru biyu. A 1968 aka kafa SOMAIR domin haƙar uraniyom a nan wajenmu. A wannan shekarar ce kuma, can Kaliforniya ta Amurka, Robert Noyce da Gordon Moore suka kafa kamfanin Intel. A 1971 SOMAIR ta fidda uraniyom ɗinta na farko. A 1971 ɗin dai Intel ta sa ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna 4004 a kasuwa, ɗan guntun abu da bai kai akaifa ba. Kusan a ce tagwaye ne, kowa ya kama gabansa. To ga shi bayan shekara hamsin da ƴan kai hanyoyinsu na neman sake haɗuwa.

Mu fara da abin kansa. Ƙwaƙwalwar nan, wadda ƴan lakkol ke ce ma prosesar, ita ke yin lissafi cikin kowace kwamfuta da kowane tarho. In ka tura murya ko ka buɗe bidiyo, aikin ba a hannunka kaɗai yake ƙarewa ba. Yana tafiya wasu manyan gine-gine cike da kwamfutoci dubbai, suna aiki dare da rana. Su ne rumbunan bayanai. Abin da ake kira gajimare ke nan, alhali a ƙasa yake, da bango da ƙofa da mai gadi.

A 2006 Amazon ta soma ba da hayar kwamfutocin rumbunanta ga duk mai so, Microsoft da Google suka biyo baya. Shekara da shekaru kusan duk ƙwaƙwalwar da ke ciki daga Intel ake sayo ta, saura kaɗan daga AMD. Kamar mutum ne da kullum yake sayen riga a kanti: in hannu ya yi tsawo ya naɗe, in wuya ya matse ya haƙura, kuɗin kuwa mai kanti ke yankawa.

Amma mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. A 2015 Amazon ta sayi wani ƙaramin kamfanin Isra'ila, Annapurna Labs, wanda sana'arsa ita ce zanen irin waɗannan ƙwaƙwale. A watan Nuwamban 2018 ta fito da tata, mai suna Graviton, an ɗinka ta daidai awon aikinta. Google tun 2015 tana amfani da TPU, wadda ta tsara domin ƙirƙirarriyar basira, a 2024 ta ƙara da Axion. Alibaba ta Sin ta fidda Yitian 710 a 2021. Microsoft ta sanar da Cobalt da Maia a Nuwamban 2023.

Ga inda nake so ku kula. Waɗannan kamfanoni ba su gina maƙera ba. Tushen zanen Graviton da Axion da Cobalt daga kamfanin Arm na Kambirij ta Ingila suke karɓo shi, su gyara, su ƙara nasu. Ƙirar kuwa yawanci TSMC ta Taiwan ke yi musu. Abin da suka riƙe a hannunsu shi ne zane, wato sani. Da shi suka rage kuɗin da suke biya, suka kuma daina jiran hukuncin wani.

Dalili na biyu shi ne wuta. Rumbunan nan na shan lantarki kamar raƙumin da ya fito daga Tenere. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya duka. Ƙwaƙwalwar da aka ɗinka da awo tana rage ɓarna, amma buƙata ta fi ragin gudu. Shi ya sa suka juya wajen nukiliya. A Maris 2024 Amazon ta sayi rumbun da ke maƙwabtaka da tashar Susquehanna a jihar Pensilbaniya. A Satumba Microsoft ta sa hannu kan yarjejeniyar shekara 20 domin a sake kunna wani sashe na tashar Three Mile Island da aka rufe a 2019. A Oktoba Google ta ƙulla da Kairos Power kan ƙananan tashoshi. Abincin tashoshin nan fa uraniyom ne.

Yanzu mu dawo gida. Bayan SOMAIR, an kafa COMINAK a 1974, ta soma fiddawa a 1978, Akokan ta tsiro gefenta, har aka rufe ta ranar 31 ga Maris 2021. Duk wanda ya tashi a garin nan ya ga manyan motoci ɗauke da gangunan garin rawaya sun kama hanyar Tawa. Daga nan sai Kwatano, sai jirgin ruwa zuwa Faransa, a sarrafa a Malbezi kusa da Narbon, a tace a Trikastan, ya zama wuta a gidajen wasu. Mu kuwa wutar da ke haska garin uraniyom daga gawayin SONICHAR na Cirozerin take zuwa. Matakin farko namu ne, sauran matakan, inda sani da riba suka fi yawa, suna can ƙetare.

A Yunin 2024 gwamnati ta janye lasisin Imuraren daga hannun Orano, a Yunin 2025 ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa. Babban mataki ne, amma kada mu ruɗi kanmu. Mai saye na da zaɓi: Kazakistan ce kan gaba a duniya, ga Kanada, ga Namibiya. Kuma tarihin da na ba ku ya nuna mallakar rami ko maƙera daban, mallakar sani daban. Amazon ba ta da maƙerar, amma ita ke cewa ga yadda za a ƙera.

Ban ce gobe Arlit za ta zana prosesar ba, wallahi tafiyar da nisa. Abin da nake cewa, zanen aro ba ya rufe katara. Muna da EMAIR a Agadas, da Jami'ar Agadas, da EMIG a Yamai. Yaron da ke zaune a lise yau, mai son lissafi da kimiyya, shi ne zai auna dutsenmu, ya tafiyar da injin, ya karanta yarjejeniya layi-layi kafin a sa hannu. Ƴaƴa mata ma haka. In ba mu tura su can ba, ko ramin ya zama namu, wani za mu sake kira ya yi mana lissafi.

Iyaye, ku tambayi ɗiyanku mi suke karantawa bana. Ku kuma tsofaffin ma'aikatan Arlit da Akokan, sanin da ke kanku dukiya ce, ku zauna da yara ku ba su tun kuna da ƙarfi. Allah ya sa arzikin ƙasarmu ya amfane mu.