Daga Lungu Zuwa Titi: Yadda Garin Anka Ya Faɗaɗa

Bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka a ƙarni na 19. Garin da aka kafa a wancan zamani yana da tsari irin na garuruwan Hausa: fada da masallacin Juma'a a tsakiya, hanyoyi su fito daga ƙofar fada su nufi ƙofofin gari, lunguna kuma su haɗa unguwa da unguwa. Lungunan ƙanana ne, domin mai tafiya a ƙasa da jaki aka yi su, amma akasarinsu suna ɓullewa. Saboda haka yaro na iya zuwa makarantar allo ko kasuwa ta hanyoyi biyu ko uku.

A ganina, abubuwa uku ne suka sauya wannan tsari. Na farko shi ne hanyar mota da ta taso daga Mayanchi ta ratsa Anka zuwa Ɗaki Takwas da Gummi. Shaguna da gidaje suka bi bakin kwalta, gari ya miƙe a tsaye maimakon ya kewaye fada. Na biyu, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 sun kawo sakatariya da gidajen ma'aikata da rabon fulotai, sannan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 ya ƙara wa fili daraja. Na uku shi ne rashin tsaro, wanda ya koro dubban mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari.

A sababbin unguwanni, sau da yawa mai gona ne ke yanka gonarsa ya sayar, kuma kowane taku da ya bari domin hanya asara ce a wurinsa. Sai a sami layi ya ƙare a bangon wani, mota ba ta iya shiga ɗaukar mara lafiya, ruwan sama kuma ya rasa mafita. Ambaliyar Gummi ta 2024 ta isa ishara ga Anka da Bukkuyum.

Ina kira ga masu unguwanni da hukuma da su fitar da hanya da magudanar ruwa tun kafin a aza tubali, domin gida in ya tsaya, raba shi da wurinsa sai da rigima. Allah Ya sa mu dace.