Yadda Fijo Ta Zo Kaduna A Cikin Akwati

Dattawan direbobin Gadaka da Potiskum har yau suna yabon Fijo 504, motar da ta daɗe tana jigilar 'yan kasuwa a hanyoyin Yobe. Sai dai kafin ta hau kwalta, sassanta sun sha doguwar tafiya.

A 1975 kamfanin Peugeot, mai ƙera Fijo, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. A lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, kaya kan yi watanni ba a sauke ba. Saboda haka aka koma sama. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa kwaso injuna da ƙofofi da giya daga Liyon ta Faransa zuwa filin jirgin Kano, daga nan manyan motoci su ɗauka zuwa Kaduna.

A cikin masana'antar a wancan lokacin, ƙananan motoci masu haƙoran ƙarfe biyu ke ɗaga akwatunan sassan su ajiye kusa da ma'aikata. Ƙugiyoyi masu rataye a sarƙa kuma su ɗauki gangar motar daga wajen walda zuwa fenti. Henry Ford ya kafa wannan tsari a Amurka a 1913: ma'aikaci na tsaye wuri guda, aikin ne ke zuwa gabansa.

Wannan jigila ta cancanci a tuna da ita, domin idan akwati ɗaya ya makara, layin harhaɗawa gaba ɗaya kan tsaya. A 2006 gwamnatin tarayya ta sayar da hannun jarinta a kamfanin ga 'yan kasuwa.