Hunturu da tagogi: abin da ya kamata a sani

A Korahane, cikin gundumar Dakoro ta jahar Maradi, iskar hunturu na kaɗawa daga arewa maso gabas tun ƙarshen Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris. Tagogin da ke fuskantar gabas da arewa su ne suka fi shan wahala.

Bushewar iska ta fi sanyin kansa yin ɓarna. Katakon da ya kumbura da damina yana tsukewa, sai ya tsage, ƙusoshi su yi sako-sako, fenti ya ɓare. Murfin ƙarfe ko na kwano ba ya tsagewa, amma rairayi na shiga inda yake juyawa, yana cin ƙarfen, sakata kuma ta cije. A ginin ƙasa, yaɓen da ke kewaye da taga kan dare, ƙura ta samu hanya.

Gyaran ya fi sauƙi kafin sanyi ya kankama. A ƙara ɗaure ƙusoshi, a cike tsagar bango da laka, a shafa wa katako mai ko fenti. A goge ƙura kafin a ɗiga wa sakata mai, domin mai da rairayi in sun haɗu ƙarfe suke ci.

Sai dai kada a toshe ɗaki ruf in da garwashi a ciki. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuma kisa cikin barci. A fitar da kaskon wuta kafin a kwanta.