Wuƙar Jamus Da Aka Gada

Kwanan baya wani yaro na ajinmu ya zo mana da wata wuƙa a naɗe cikin tsumma, ya ce ta kakan mahaifinsa ce, wanda ya yi soja a zamanin Turawa. A gidansu ana kiranta wuƙar hafsan Hitila. Ya ce wani dillali ya taya ta, shi ya sa mahaifinsa yake so a duba masa ita, kada ya sayar da doki a kuɗin jaki. Muka karɓa muka jujjuya ta, muka ga ya kamata mu rubuta abin da muka sani game da irin waɗannan wuƙaƙe, don 'yan makaranta su ga yadda ake karanta tarihi a jikin ƙarfe kamar yadda ake karanta shi a takarda.

Sa'ad da Hitila ya hau mulkin Jamus cikin 1933, ya iske mutanensa da son kayan sarki da ado irin na soja, ya kuwa san amfanin wannan a wurin mai neman jan hankalin samari. A ƙarshen shekarar aka ba 'yan dakarun jam'iyyarsa, waɗanda ake kira SA, wata wuƙa mai faɗin ruwa, wadda aka kwaikwayo sifarta daga wuƙar mutanen Suwizalan ta ƙarni na 16. Ƙotarta ta itace ce, ruwan ƙasa, a jikin ruwan wuƙar kuwa an zana kalmomi da Jamusanci masu nufin kome da kome don Jamus. 'Yan SS aka ba su irinta, amma da baƙar ƙota da nasu kirarin dabam. Daga nan sai abin ya zama gasa, kowace rundunar gwamnati tana neman tata. Hafsoshin sojan ƙasa suka sami tasu cikin 1935: siririya ce, ƙotarta fara ko rawaya ko ruwan goro, da mikiya mai buɗaɗɗun fukafukai a tsakanin ƙota da ruwa, tana riƙe da alamar Nazi, watau gicciyen nan mai lanƙwasassun kawuna. Mayaƙan sama suka sake fasalin tasu cikin 1937. Ta mayaƙan ruwa ita ce mai kube ruwan zinariya, da hoton ƙugiyar tsai da jirgi.

Abin da ya kamata ku lura da shi, ya ku 'yan makaranta, waɗannan wuƙaƙe ba don yaƙi aka ƙera su ba. Na ado ne, kamar yadda hakimi yake rataya takobi ran hawan salla. Hafsa da kuɗinsa yake sayen tasa, ba a kuwa wasa mata kaifi. Saboda haka in kun ga irinta da kaifi kamar na mahauci, to, wani ne ya wasa ta daga baya, ya kuwa rage mata daraja.

Yawancinsu a gari guda aka ƙera su, Solingen, garin da maƙeransa suka shahara da takubba da wuƙaƙe tun ɗaruruwan shekaru. Kowane gidan ƙira yana da tambarinsa, yakan buga shi a gindin ruwan wuƙa kusa da ƙota. Na gidan Eickhorn kurege ne, na WKC kan jarumi da kwalkwali, na Alcoso ma'auni, na Robert Klaas tsuntsaye biyu masu dogon wuya. Gidajen nan sun yi ta sake fasalin tambarinsu, masana kuwa sun jera su shekara bisa shekara, har sukan dubi zaman kuregen kaɗai su faɗi zamanin da aka yi wuƙar. Akwai kuma wani tambari mai haruffa RZM, na ofishin jam'iyya mai kula da kayan 'ya'yanta. Wannan a kayan jam'iyya ake ganinsa, irin na SA da SS. Wanda ya nuna muku wuƙar sojan ƙasa da shi a jikinta, ku yi hattara da shi.

Ƙarfen kansa ma yana ba da labari. Na farkon zamani an yi musu kayan ado da ƙarfe mai nauyi mai kyau, aka gyara su da hannu. Da aka shiga shirin yaƙi, sai jan ƙarfe da nikal suka koma wajen harsashi da igwa, maƙera suka koma ga tutiya suna shafa mata ruwan azurfa sama-sama. Da shekaru suka tura sai shafen ya yi ta kumbura yana ɓarewa. Mutum ya ajiye wuƙar 1935 kusa da ta 1942, zai ga yadda yaƙi ya tsotse arzikin ƙasar, ba sai ya buɗe littafi ba.

Wani labari kuma da ƙarfe ya riƙe shi ne na Ernst Röhm, shugaban SA. A farkon 1934 ya raba wa tsofaffin mabiyansa wuƙaƙe masu rubutun amincinsa da sa hannunsa a bayan ruwansu. Ba a yi wata shida ba Hitila ya juya masa baya, aka kama shi ran 30 ga Yuni, aka kashe shi kashegari. Sai aka ba da umurni kowa ya goge sunan ko ya rabu da wuƙar. Waɗansu suka goge duka, waɗansu suka goge sunan kaɗai, 'yan kaɗan suka ɓoye tasu. Yau wadda ta tsira da rubutunta ta fi sauran tsada nesa ba kusa ba, don haka kuma ita maƙaryata suka fi kwaikwayo.

Batun jabu kuwa ya fara tun yaƙi bai huce ba. Cikin 1945 sojan Amurka da na Ingila suka kwashi wuƙaƙen nan suka kai gida don tunawa. Da mutanen Solingen suka ga akwai kasuwa, ga yunwa, ga ragowar ƙotoci da kube a ɗakunan ajiya, sai waɗansu suka shiga harhaɗa su suna sayarwa. Bayan haka aka shiga ƙera sababbi ɗungum a ƙasashe dabam-dabam, ana tsufar da su da gangan. Mai duba wuƙa yakan lura ko ƙota ta zauna daram ba giɓi, ko launin tsufan kube ya yi daidai da na sauran, ko gashin mikiyar ya fito sosai ko kuwa ya dushe kamar abin da aka zuba a kwaikwayo.

To, nawa ne kuɗinta? Abu huɗu ake dubawa: irinta, da maƙerinta, da lafiyarta, da shaidar hannun da ta bi. Wuƙar hafsan sojan ƙasa an yi ta da yawa ƙwarai, a wurin gwanjo a Amurka takan tashi ɗaruruwan daloli. Ta SS sahihiya takan kai dubbai. Wanda ya ɗauki toka da yashi ya goge tasa don ta yi ƙyalli, ya goge rabin kuɗinta da hannunsa, gama masu saye tsufan suke so su gani. Ɗan mai kaɗan a tsumma ya isa tsare ta daga tsatsa. Kada kuma a dogara da bakin mai saye shi kaɗai, don ba a tambayar kura lafiyar akuya. Amma fa mu ba mu ga abin alfahari ga tsadar ta SS ba. Ƙungiyar nan ita ce ta tsare sansanonin da aka hallaka mutane, cikinsu har miliyoyin Yahudawa, kotun Nuremberg kuwa ta yanke cikin 1946 cewa ƙungiyar masu laifi ce. A Jamus har yau doka ta hana nuna alamar Nazi a fili, sai don koyarwa da makamantanta.

Mu koma ga wuƙar yaronmu. Ba mikiya a jikinta, ba alamar Nazi. A bayan ƙotarta akwai wani tsagi, da ɗan maɓalli da ake dannawa. Wannan kaɗai ya raba gardama: banati ne, wanda ake ƙwama wa bakin bindiga. A gadon bayan ruwansa muka ga kambin sarauta, da harafin W, da lamba 13. Watau an karɓe shi cikin kayan soja a 1913, zamanin Sarki Wilhelm na Biyu, shekara 20 kafin Hitila ya hau mulki.

Wannan kuwa ya yi daidai da tarihinmu. A yaƙin Hitila rundunonin Nijeriya da Italiyawa suka kara a Somaliya da Habasha cikin 1941, sa'an nan da Japanawa a ƙasar Bama. Inda suka yi gaba da gaba da Jamusawa sosai shi ne yaƙin farko. A ƙarshen Agusta 1914 suka tashi daga Yola suka faɗa wa Garwa, aka koro su da hasara mai yawa, ba a ci garin ba sai Yuni 1915. A dutsen Mora kuwa Kyaftin von Raben da 'yan sojansa suka yi tsayin daka har Fabrairu 1916, su ne na ƙarshe da suka sallama a Kamaru. Daga baya kuma aka kai sojan Nijeriya Afirka ta Gabas, can ma da Jamusawa suka yi.

Muka gaya wa yaron gaskiya, cewa banatin nan ba zai kawo kuɗin da dillali ya sa musu rai da shi ba, wataƙila ma shi dillalin bai san abin da yake tayawa ba. Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce akwai wata gwaggon mahaifinsa da ta tsufa ƙwarai, ita takan ce tsohon ya yi yaƙin dutse a gabas da Barno. Muka ba shi takarda da fensir, muka ce ya tafi wurinta ran Juma'a ya rubuto duk abin da ta tuna, da sunan tsohon, da garin da ya shiga soja, a naɗe takardar tare da banatin cikin tsumma guda.